Shekarar da Na Yi wa Waya Abu Sitta

Wannan babin naku ne ku huɗu, amma ya fi zama naka Bashir, don ka fi kowa riƙe abu a rai, ka kuma fi kowa rashin sanin abin da ka riƙe. Labari ya zo mini cewa har yau idan Nafisa ta kira ta gaishe ku, da ƙyar kuke amsawa, wai ita ce ta ci tuwon gidanmu shekara shida, ta yi karatu, ta dawo ta kai sunan ubanku gaban manya aka kore shi daga aiki. To ku gyara zama. Ubanku bai kai matsayin da za a ƙulla masa makirci ba, makirci sai manyan mutane. Ni na kori kaina, da filaya ɗaya da wayar fitila, kuma zan faɗa muku yadda aka yi tun daga tushe, ko da za ku gaji.

Kun san a Wad Haddad aka haife ni, a hawashar ubana, wato gonar da gwamnati ta yanka masa. Karatuna ya tsaya a aji huɗu, ba don na gaji ba, malamin ne ya gaji. Daga nan ruwa ya zama malamina. A Jazira, yankinmu na noman rani a Sudan, duk yaro ya san tafiyar ruwa kafin ya san tafiyar kansa: daga babbar tur'a, wato uwar hanyar ruwa, ya shiga ƙaramar hanya da muke kira abu ishirin, daga abu ishirin a fasa masa wata ƙarama da ta fi ta, abu sitta, ita ce ke kai shi bakin shuka. Kana son ruwa ya je wani wuri? Nemi inda ya fi kusa, ka fasa, ka ja reshe. Haka na taso na ga duniya, kuma har na yi furfura ban ga abin da ya ƙi wannan tsari ba. Da na koma ƙasan Abu Na'ama na kama aiki a gidan tulumba na wani kamfanin noma, wato injinan da ke jawo ruwan kogi su zuba a tur'a, sai na ga wutar lantarki ma ta yarda da shi. Rabin fitilun ƙauyenmu ni na ja musu reshe daga na maƙwabci, kuma ba gidan da ya ƙone sai ɗaya, shi ma akwai magana a kai. Shekara ashirin da bakwai ina kula da tulumba huɗu. Da kunne nake aiki. In tulumba ta biyu ta fara wani ɗan tari, na san ciyawa ce. In ta huɗu ta yi gurnani, na san kogi ya ja baya. Usta Hamidu ake ce mini, usta wato gwanin inji, kuma ina amsawa da sauri.

Nafisa kuwa, ga waɗanda za su karanta wannan bayanmu, ɗiyar ƙanen uwarku ce. Da uwarta ta rasu aka kawo ta gidanmu tana 'yar shekara goma sha biyu, ba ta da komai sai akwatin kwano da yawan tambaya. Ta tafi Wad Madani ta yi karatun injiniya, ta dawo Hausarta rabi Larabci, Larabcinta rabi Turanci. A shekarar da nake ba ku labari kamfani ya yanke shawarar cewa kunnen Usta bai isa ba, za a sa na'ura ta riƙa tada tulumba tana kashewa da kanta. Aka ɗauki Nafisa ta shimfiɗa wayoyin ta kuma kula da su. Aikinta na farko ke nan a duniya. Ranar da aka kafa akwatin ƙarfen a bango, ta buɗe ta kira ni.

"Baba, zo ka gani. Wanga koren shi ne katin magana."

"Magana da wa?"

"Da tulumba."

"Bashmuhandisa, babbar injiniya, shekara ashirin da bakwai ina magana da su, ba wadda ta taɓa tambayata kati."

"Kai kana magana da su, shi kuma suna ba shi amsa. Tsaya ka ji."

Na tsaya na ji, kuma tunda an ce ban iya komai ba sai ɓarna, bari in nuna muku na fahimta. Katin bai fi tafin hannuna ba. A samansa akwai wani baƙin akwati, shi ne mai tunani, shi ke yanke cewa a tada wannan a kashe wancan. Amma kurma ne kuma bebe, katin ne bakinsa da kunnensa. Mai tunani yana riƙe maganarsa a dunƙule, ƙwayoyi takwas kafaɗa da kafaɗa. Waya kuwa ƙunci gare ta, ba ta ɗaukar su tare. Sai katin ya jera su ɗaya bayan ɗaya, yadda ake fitar da tumaki ta ƙaramar ƙofa, ya tura su, a can ƙarshe a sake tara su su koma magana. Wayar guda biyu ce a murɗe kamar kitso, kuma abin da ake saurare shi ne bambancin da ke tsakaninsu, don in hayaniyar inji ta buge su, tare za ta buge su, bambancin ya tsaya yadda yake. A kan wayar akwai mutum biyar, haka nake kiransu: tulumba huɗu, da ma'aunin da ke bakin kogi mai faɗin tsayin ruwa. Kowa da lambarsa. Katin ne kaɗai ke da izinin fara magana. Ya kira lamba ta ɗaya, ya ce yaya zafinki, nawa kike ja. Kowa ya ji, amma ita kaɗai za ta amsa. Ya wuce ta biyu. Haka har ya kai ma'auni, ya dawo ya sake, ba dare ba rana, kafin ka ɗaga kofin shayi ya zagaya ya kuma. Ban taɓa ganin zaman da ya kai wannan ladabi ba, ko a zauren ubana ana katse juna. Dole kuma duka su yarda da saurin magana ɗaya, in ɗaya ya yi gaggawa sauran ba za su gane shi ba. A wutsiyar kowane saƙo akwai ɗan lissafi da mai aikowa ya haɗa. Mai karɓa ya sake lissafin, in bai fito daidai ba ya san saƙon ya lalace a hanya, ya jefar. Katin ya sake kira. Sau uku yake kira. In ba amsa mai kyau, ya gaya wa mai tunani cewa wane ya yi shiru. In kuwa ma'aunin kogi ne ya yi shiru, mai tunani ya kashe tulumba duka, don bai san ko akwai ruwa ba, kuma tulumbar da ta ja iska ƙonewa take yi. A jikin katin akwai ƙananan fitilu: rawaya in ya yi tambaya, koriya in an amsa, ja in an yi shiru.

Akwai abu ɗaya da ta ƙara, kuma ba zan ce ban ji ba, da Hausa tsantsa ta faɗa.

"Baba, wanga waya igiya ɗaya ce. Ta shiga tulumba ta ɗaya ta fita, ta shiga ta biyu ta fita, har ta ƙare a ma'auni. Ba a yi mata reshe."

"Don mi?"

"Saƙo in ya kai ƙarshen waya yana dawowa, kamar in ka yi kira a cikin rijiya. Shi ya sa a kowane ƙarshe muke sa wanga," ta nuna mini wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa mai zane a jiki, "mukawama, ita ke shanye shi kada ya dawo. Igiya ƙarshe biyu gare ta, mukawama biyu. In ka yi reshe ka ƙara ƙarshe, amsa-kuwwa ta dawo ta haɗu da sabuwar magana, duka su lalace."

"Tamam," na ce.

Na ji, na kuma ajiye maganar a inda nake ajiye maganar likita a kan sukari. A raina na ce wannan tsirfar makaranta ce. Ruwa ya yarda da reshe, wuta ta yarda da reshe, sai wata siririyar waya ce za ta fi su daraja?

Wata uku komai lafiya. Na zama mai gadin fitila, in zauna in kalli rawaya da koriya suna gaisawa. Sai a farkon sanyi, bayan an shuka alkama, Nafisa ta tafi Madani kwana shida wajen wani horo, kamfani kuma ya aiko karraka, motar nan mai haƙa, ta kwashe laka a bakin kogi. Direban ya sa haƙorinta ya tsinke wayar tsakanin tulumba ta huɗu da ma'auni, ya kuma tafi da wani dogon yanki a cikin laka. Ja ta kama, tulumba suka tsaya. Lambar Nafisa tana cikin wayar aljihuna, kuma akwai layi ranar. Ban kira ba. Na tsaya na dubi wurin da idon ɗan Jazira. Tsohuwar hanya doguwa ce, ta zagaya bayan gini, kuma ba ni da irin wayarsu mai kitso. Amma daga tsakanin tulumba ta ɗaya da ta biyu zuwa ma'auni, in ka miƙe ta ƙarƙashin katanga, bai kai rabin wancan ba. Na je gida na ɗauko sauran wayar fitila, na fere igiyar Nafisa a tsakiya, na ja mata abu sitta har ma'auni. Tsinkakken ƙarshen da ke bayan ta huɗu na bar shi a ƙasa haka nan, baki buɗe. Na naɗe haɗin da robar taya, na ɗaure da ƙullin da nake yi tun ina yaro, na binne, na daddale. Na dawo na duba: rawaya, koriya, rawaya, koriya. Lokacin tulumba biyu kawai ake tadawa, alkama ƙarama ce ba ta sha da yawa. Suka tashi. Na sha shayi biyu a jere don girmama kaina.

Da ta dawo ta ajiye jaka ta tambaya.

"Baba, an ce karraka ta tsinke waya?"

"Ta tsinke. Na haɗa."

"Yadda take?"

"Yadda take."

Ga wurin da nake so ku sa yatsa. Reshen kuskure ne, kowa na yi. Wannan kalma biyu kuwa ƙarya ce. Na so in bari sai an kwana biyu in tone mata in ce ga reshenki yana aiki, ina dariya. Ita kuma ba ta tona ba, ba ta auna ba. Da wani ne ya faɗa mata da ta auna. Amma wanda ya rene ta ne ya ce yadda take, kuma a gidanmu ba a koya mata ta bi bayan maganar babba da ma'auni ba.

Aka shiga lokacin da alkama ke fitar da kai, lokacin da in ta yi ƙishi kwana kaɗan ƙwayar ba za ta cika ba. Aka tada tulumba huɗu tare. Hayaniyar injinan ta ƙaru, wayar fitila kuwa ba kitso gare ta ba, ba ta da abin kare kanta, ga amsa-kuwwa tana yawo a ƙarshe uku. Katin ya kira ma'auni, amsa ta zo a lalace. Ya sake, ya sake, ja ta kama, komai ya tsaya. A tada, a yi rabin sa'a, a sake tsayawa. Akwai makullin da ke ba da damar tada su da hannu, amma yana wurin mudir, shugaban aikin, kuma ya ƙi bayarwa, don an taɓa ƙona inji a hannun mutane kuma shi aka tuhuma. Sai a rana ta huɗu ya yarda a tada biyu. Tur'a ta sauka. Hawashar da ke kusa suka sha, na can wutsiyar tur'a ba su ga komai ba. Manoma suka fara taruwa a inuwar katanga tun hantsi, suna kallonmu. Nafisa ta canza katin da sabo, bai yi ba. Ta duba lambobi, ta duba saurin magana, ta kwance ma'auni ta wanke ta mayar. Ina tsaye a bayanta ina miƙa mata abin da ta nema. Rana ta farko ban zargi kaina ba, Allah shaida. Ta biyu na zarga. Ta uku na sani. Na kuma ci gaba da miƙa mata sukurdireba.

A rana ta biyar ta cire wayar daga katin ta sa mita a bakin wayar, ta dubi abin da ya nuna, ta daɗe tana dubawa. Ta bi bango a hankali har inda ƙasa ta ɗan bambanta. Lokacin karin safe ne, ta ce wa leburori su tafi su ci, har da wanda ya ce ya riga ya ci. Da suka tafi ta ɗauki fartanya da kanta. Ba ta yi sara goma ba robar ta fito, da ƙullina a kai, ƙullin da take gani a igiyar guga da bakin buhu tun tana yarinya. Na jira ta ɗago. Ba ta ɗago ba.

"Baba, miƙo mini filaya."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ta yanke reshen, ta aika aka kawo waya mai kitso, ta bi tsohuwar hanya ta bayan gini. Kafin la'asar tulumba huɗun duka suna gudu, ja ba ta sake kamawa ba. Amma alkamar wutsiya ta riga ta tafi. Malam Isa, maƙwabcinmu da kuka sani, ya murza kan alkamarsa a tafin hannu ya hura, ba abin da ya rage sai ƙaiƙayi.

Mudir ya ce a rubuta masa dalili. Ta rubuta layi ɗaya: kuskure a shimfiɗar waya. Ba suna. To wa ya shimfiɗa waya? Kowa ya sani. Aka ce ta zauna a gida, ranar Alhamis za a zauna a kan takardar aikinta, kuma ba wanda ya yi shakkar inda zaman zai ƙare. Wanda aka kora a aikinsa na farko da irin wannan takarda, ba kamfanin da zai sake buɗe masa akwati. A bakin masallaci aka fara: mi ya kai mace gidan tulumba, karatun Madani ke nan, da Usta aka bar wa kayansa da ba a yi haka ba. Ina zaune ana yabona. Har na gyaɗa kai sau ɗaya, don kada a ce ina da girman kai. A gida kuwa Nafisa tana kawo mini ruwan alwala kamar kullum, ta durƙusa ta ajiye, ta tashi. Kwana shida haka.

Uwarku, Allah ya jiƙanta, ba ta san kati ba, ba ta san mukawama ba, amma ta san kayan gidanta. Ranar Laraba bayan la'asar muna ƙarƙashin rumfa tana soya bunnin jabana, wato 'ya'yan gahawa, ba ta ko dube ni ba ta fara.

"Malam, robar tayar keken Bashir da ke rataye bayan ɗaki, ina ta?"

"Wa ya sani. Awaki."

"Awaki. Da wayar fitilar da ke ƙarƙashin gado, ita ma awaki?"

"Hajja, ki zuba mini in za ki zuba."

"Zan zuba. Yarinyar ga kwana shida ba ta cin abinci, kai kuma kana ci kamar an biya ka. Na san cin mai gaskiya, na san na wanda ke toshe bakinsa. Usta, mi ka binne?"

Na gaya mata. Na yi ƙoƙarin farawa da bayanin amsa-kuwwa don in ja lokaci, ta ce in bar rijiya in zo kan magana. Da na gama ta zuba jabana ta miƙo mini.

"Ta sani?"

"Ita ta tono shi."

"Kuma ta yi shiru."

"Ta yi."

"To mu muka koya mata. Mun ce mata ba a kama sunan babba a gaban mutane, ta riƙe. Ba mu gaya mata akwai babban da zai zauna a bayan wanga ya sha shayi ba. Gobe Alhamis. Farar jallabiyarka a wanke take."

Ta kwashe kofuna ta shiga ɗaki. Ni kuma na yi lissafina, ba zan ɓoye muku ba. Saura shekara uku in ajiye aiki da mutunci, a yi mini walima a yanka rago. A cikinku Hadiza tana makaranta, Sani bai kama sana'a ba. Na ce a raina yarinya ce, tana da takarda, za ta samu wani. Na kuma san ƙarya nake yi, karo na biyu. Da safe na sa jallabiyar, na biya ta gidan tulumba na ɗauki reshen da aka jefar a bayan katanga, robar da ƙullin suna nan, na naɗe a jarida.

Na same su a ofis, mudir da mutum biyu daga kamfani, Nafisa a kan kujera ta haɗa gwiwa. Da ta gan ni ta miƙe, ta yi mini magana da Hausa don kada su ji.

"Baba, ka koma gida. Halas, an gama."

"Zauna, ɗiyata. Ba wurinki na zo ba."

Na kwance jaridar a kan tebur. Na ce wannan aikina ne, ga inda na fere, ga inda na ja, ga abin da ta gaya mini tun ranar farko, ga abin da na ce mata da ta dawo. Na yi bayanin da kyau, har ɗaya daga cikin baƙin ya tambayi a ina na yi karatu. Mudir ya juya wurinta.

"Kin san wannan?"

"Na sani."

"Mi ya hana ki rubuta?"

"Shi ya rene ni."

"Ya bashmuhandisa, ni ban ɗauki 'yar riƙo aiki ba, injiniya na ɗauka. In an ce miki an gyara, ki auna, ko ubanki ne. In kin gano, ki rubuta, ko ubanki ne."

Ta ce to. Aka ba ta takardar gargaɗi, aka bar ta a aikinta. Ni kuma aka karɓi makullan gidan tulumba a wurin, aka ce in tafi, ba walima ba rago. Mudir ya raka ni ƙofa ya ce ma'alesh ya Usta, wato in yi haƙuri, kamar shi ya ja reshen. A hanya muka bi gefen tur'a, tana bayana da taku biyu yadda ta saba. Da muka yi nisa sai na ji ta.

"Baba."

"Na'am."

"Haɗin nan da ka yi, wata biyu a cikin ƙasa, ko ɗigon ruwa bai shiga ba. Ban taɓa ganin mai kyaunsa ba. Wurin ne ba daidai ba."

Na ce mata na sani, ba a banza ake ce mini Usta ba. Daga nan na wuce gidan Malam Isa na gaya masa ni ne. Ya dube ni ya ce Allah ya kyauta, bai sake zama kusa da ni a masallaci ba har shekara ta zagayo, kuma ban ga laifinsa ba.

Saura abu na ƙarshe, wanda shi ne ainihin dalilin babin. Ƙauye bai shiga ofis ba. Abin da ya gani shi ne: yarinya ta shiga da laifi, tsoho ya shiga bayanta, tsoho ya fito ba makulli, yarinya ta koma aiki. Sai aka haɗa labarin yadda ya fi daɗin faɗa, cewa da ta ga za a kore ta sai ta tona asirin wanda ya ciyar da ita. Kai Bashir kana Bur Sudan lokacin, a waya aka ba ka shi da zafinsa, ka kuma raba wa ƙannenka. Na ji kuna faɗa a tsakar gida. Na yi shiru, don a ce an ci amanar Usta ya fi sauƙin ɗauka da a ce Usta ya yi wa yarinya ƙarya ya zauna kwana goma sha ɗaya yana kallonta. Uwarku ta so ta faɗa, na roƙe ta ta bari sai na shirya. Ta rasu ban shirya ba. Nafisa ta nemi canji zuwa wani aiki can kudu kafin shekara ta cika, ta ce don ƙarin girma ne. Ba ta taɓa gyara labarin a gaban kowa ba. Yau shekara tara.

Kafin in ba Hadiza wannan ta buga muku, na kira Nafisa na karanta mata shi duka, da tari da komai. Ta gyara mini wuri biyu a bayanin katin, na karɓi ɗaya. Da na kai ƙarshe sai ta ce in cire babin.

"Baba, ya wuce. Yaya Bashir zai ji kunya."

"Zai ji. Ni ma zan ji. Shekara tara ke kaɗai kike ɗauke da ita, mu biyar muna zaune a inuwa. Ki bari a raba."

Ta ce ana jiranta a wurin aiki, ta ajiye. Sai bayan azahar saƙo ya shigo, Hadiza ta karanta mini, kalma huɗu: to ka bar shi.

Na bar shi. Saura naku, kuma ba zan rubuta muku abin da za ku ce mata ba. Kun fi ni karatu.